Yadda Muka Kai wa Gwaggo Karkashin Lawal

Tun da na dawo daga kudu ban samu na yi ɗinkin kirki ba. Duk wadda ta shigo da atamfa sai ta aje ta gefe, ta gyara zama a tabarma, ta ce, "To Rakiya, ba mu labari." Har da masu kawo ɗankwali a kalmashe masu baki, aikin da kowa ke yi da allura a ɗakinta. Na gane ba ɗinki ke kawo ku ba. To ga shi na zauna na rubuta tun daga fari, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma ku bar ni in taka kekena, salla na matsowa.

Ga wadda ba ta san Lawal ba, ɗan Gwaggona ne, ƙanwar Baba da ke zaune a Sabuwa. Shi ne ɗanta na fari, shi ya sa ana yaye shi aka kawo shi gidanmu nan Birni, Baba ya riƙe shi. Tare muka tashi, abokin wasana ne, ba ranar da ba mu yi faɗa a kan ƙanzo ba. Yanzu ya zama babban mutum a Zariya, a wani wuri da ake haɗa magunguna, inda suke kiwon fararen ɓeraye suna ba su abinci a kwano. Ni dai likitan ɓeraye nake ce masa, ko a gaban wa.

Abin da ya tashe mu tafiya hannun Gwaggo ne. Tun bara wuyan hannunta na dama ya kumbura, yatsun suka sanƙare. An ba ta ƙwayoyi a asibiti, suna rage ciwon amma suna ƙona mata ciki, har ta yi aman jini, aka ce ta daina. Matar da ke tuƙa tuwon gida guda ta koma sai an ɗaura mata zane. Lawal ya sa wa ransa sai ya haɗa mata abin shafawa wanda ba ya bi ta ciki. Sai dai ga inda matsala take: Gwaggo ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa duban fuskarsa ba, ba ta taɓa karɓar ko goro daga hannunsa ba. Kowace uwa na alkunyar ɗan fari, amma ta Gwaggo ta fi ta kowa tsanani.

Ran nan ya shigo gidana da akwatin katako, ya buɗe. Kwalabe ne jere, wasu da jan murfi, wasu kore, wasu shuɗi. Na buɗe ɗaya na lakata. Ba mai ba ne, ba ruwa ba ne, wani abu ne garai-garai mai yauƙi da sanyi, in ka shafa sai ya nutse ya bar fata ba maiƙo.

Na ce, "Lawal, duk karatun nan da aka yi maka, ƙarshenta miyar karkashi ka dafa?"

Ya ce su a can jel suke ce masa. Da ƙaro ya haɗa jikinsa. Ɗaya ya sa masa ruwan ɓawon hano, ɗaya ruwan kabar giwa, itatuwan da tsofaffi ke yi wa kumburi magani da su tun da can. Na ukun kuwa ba kome a ciki sai ƙaron.

"To shi kuma na mi ne ne, na yaudarar bayin Allah?"

"Na gane gaskiya ne. Shafa kawai ma tana sa mutum ya ji daɗi. In ba a gwada da wanda ba magani a ciki ba, ta ƙaƙa zan san itacen ne ya yi aiki? Na gwada a ƙafar ɓeraye, na shafa a jikina wata da watanni, ba ya cutarwa. Saura in san wanne ke rage kumburi a jikin mutum. Ba ni kai wa Inna abin da ban sani ba."

Ni kuma ga amfanina: masu ciwon da yawa mata ne a cikin gida, shi ba ya shiga, ni ko na shiga, kuma na iya awo. Ya ƙi faɗa mani wane murfi ne wane. Wai bakina ba ya riƙe magana, kuma in na sani hannuna zai ja tef ɗin awon yadda zuciyata ke so. Na zage shi, maigidana ya yi dariya ya ba ni izini, muka sa rana.

Da motar ma'aikatarsu muka tashi, irin mai shiga daji, direba wani dattijo Malam Iro wanda goro ba ya barin kumatunsa. Ƙarshen damina ne, gero ya fara sunkuyawa. Hanya kuwa kun san halin da ake ciki a shekarun nan, ko'ina aiki ake yi. Ka yi tafiya bisa sabuwar kwalta sumul har barci ya fara ɗaukarka, sai kurum ta ƙare, a karkatar da ku cikin gonar mutane. Manyan motoci ɗauke da siminti da kwanon rufi sai wuce mu suke suna watso mana taɓo. Kowane ƙauye ka ga saurayi bisa sabon babur da rediyo rataye a wuya. A gonaki kuwa tsofaffi muka fi gani duƙe. Malam Iro ya ce samarin duk sun tafi leburanci birane, sun bar wa iyaye fartanya, ba dole gwiwa ta kumbura ba.

A Ƙanƙara muka fara sauka, gidan wani malamin asibiti abokin Lawal. Matarsa ta karɓe ni hannu biyu, ta kai ni ɗaki fari tas, don su farar ƙasa a bayan gari suke haƙarta, ba sa jin ƙyashin shafa ta. Na jingina da bango ina gaisuwa, na tashi da rabin bangon a bayan mayafina. Ta yi mana dambu da zogale wanda har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke.

Washegari aka fara aiki. Lawal na ganin maza a ƙofar asibiti, ni ina bin gidaje. In na sami mai kumburi sai in ɗiga shuni a inda ya fi tashi don kada in ɓace wurin, in zagaya tef, in faɗa wa Lawal abin da na samu, a bar mata kwalba ta shafa safe da yamma. Bayan 'yan kwanaki muka koma zagaye, muna tambayar yadda suka ji.

Ta farko wata tsohuwa ce, Inna Abu, gwiwarta ta yi suntum. Na ce, "Inna, yaya ƙafa?"

"Da sauƙi ɗiyata, alhamdu lillahi. Allah shi yi maku albarka."

Na zagaya tef, sai na ga gwiwar ƙaruwa ma ta yi. Na shiga gida na gaba, wannan nata ya sauka sosai, ita ma ta ce da sauƙi, da murya iri ɗaya. Ta uku tana cije leɓe ina taɓa ta, hawaye na zuba, tana cewa da sauƙi. Na fito na tarar da Lawal zaune a dakali ya dafe kai. Nasa mazan ma duka da sauƙi, har da wanda aka kawo bisa jaki.

Ya ce, "Laifina ne. Ni kaina in ina kwance aka tambaye ni, mi zan ce? Wa zai dubi baƙon da ya ba shi magani kyauta ya ce masa bai yi ba?"

Daga nan ya hana a ƙara tambayar kowa yaya jiki. Sai dai a tambayi aiki: yau kin iya durƙusawa gaban murhu? A tsaye kika yi salla ko a zaune? Wa ya ɗebo maki ruwa? Wannan kam ba mai iya yi mata kara, don yaran gida na tsaye suna ji, in tsohuwa ta ce ita ta ɗebo sai jika ya ce, "Kai Inna, ni ne fa."

A nan Ƙanƙara ne kuma akuya ta cinye mani tef. Na rataye shi a dangar gidan ina alwala, na juyo sai ƙarfen bakinsa kawai ke leƙowa daga bakinta. Don kada aiki ya tsaya na yagi dogon ƙyalle daga wani farin alawayyo da na zo da shi, na shiga wurin Inna Abu. Tana ganin na miƙe farin ƙyalle na nufo ta da shi sai ta ja da baya har bango, ta hau salati.

"Ke ɗiyar nan! Likitan naku ya gaya maki wani abu ne? Likkahwanin ne tun yanzu?"

Sai da na rantse mata, na kawo akuyar ma ta gani, sannan hankalinta ya kwanta. Daga baya ta yi ta dariya har tana tari. Wani tela a kasuwa ya taimaka mani da tsohon tef ɗinsa.

Da muka bar Ƙanƙara muka nufi ƙasar Faskari. Masu tambayata ko mun ƙetare iyaka, ba mu bar ƙasarmu ba, amma a mararrabar Sheme mun gamu da abin da ya yi kama da ita. An gitta gora bisa ganguna, wani ɗan sanda mai tumbi ya sa aka sauke akwatin. Ya buɗe kwalba ya shinshina, ya dubi Lawal sama da ƙasa, ya ce ina takardar izinin yawo da wannan majina. Lawal ya nuna masa, ya juya ta gaba da baya. Da ya ji dai maganin kumburi ne sai fuskarsa ta sake. Ya waiga ko abokan aikinsa na kallo, ya kwance takalmi, ya ɗora ƙafa bisa ganga. Idon sawunsa ya kumbura saboda tsayuwa. Haka na tsuguna a bakin titi na auna ƙafar hukuma, masu tallar gasasshiyar masara sun zagaye mu suna kallo.

A Daudawa muka sauka gidan mai gari, ƙaton gida mai sassa da yawa, iyali kamar unguwa guda. Nan na ga bambancinmu da su. Mu a Birni gaisuwa ba ta wuce 'yan kalmomi, su sai an tambayi gona, da shanu, da ruwan jiya, da mutanen da ka baro ɗaya bayan ɗaya. Tuwonsu na masara ne, fari sol, malmala ɗaya ta ishi mutum biyu a wurinmu, kuma in ka rage sai a ce ba ka ji daɗin miya ba. Ga auduga ko'ina ta fara fashewa. Tsofaffin matansu ba sa zama, daga mai kaɗi sai mai sussuka, shi ya sa masu ciwon hannu da gwiwa suka yi yawa a gidan.

Lawal mutum ne da ba ya iya ɓoye abu in ya shafi haƙƙin wani. Ya tsaya gaban mai gari ya yi bayani dalla-dalla, ni kuma na maimaita wa mata a ciki: kwalaben iri uku ne, ɗaya ba magani a cikinta, ba za a faɗi wacce ba ce, amma in an gama duk wadda ta sami wannan za a ba ta mai kyau. Kowa ya ce ya yarda. Na auna su, na raba kwalabe, na tafi na kwanta ina jin daɗin aikina.

Da hantsi na shiga sashen uwargidan mai gari, Hajiya Kulu, sai na tarar da mata sun yi da'ira. A tsakiya ga babbar tasa, Hajiya na juya wani abu da muciya. Ga kwalabena a gefe, ja da kore da shuɗi, duk an yashe su tas.

Na ce, "Hajiya! Mi zan gani haka?"

Ta ce, "Gyara muka yi, ɗiyata. Kin ce ɗaya ba kome cikinta. To wa za a bari da ita? Muna gida ɗaya, wata na shafa magani wata na shafa ruwa? In ta Tabawa ce fa, wadda ko barci ba ta yi? Shi ne muka haɗe, kowa ta samu daidai." Ta ɗaga muciyar ta nuna mani. "Na ma ƙara mashi 'yar kanwa da citta, don na ji ba shi da zahi. Maganin da ba ya yaji ai bai kama jiki."

Na fita na gaya wa Lawal. Ya miƙe tsaye, ya zauna, ya cire hula, ya mayar. Aikin da ya yi wata da watanni yana tacewa, ga shi can an yi masa miya. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai kawai ya ce, "Ka ga mutanen kirki, sun kashe ni." Malam Iro kuwa dariya ta sa goro ya sarƙe shi, sai da aka bubbuga masa baya.

Allah ya sa akwai sauran kwalabe a akwati. Aka bar matan gidan mai gari da haɗinsu, bayan Lawal ya roƙe su su zubar da mai cittar don kada ya saɓule masu fata. Muka sake sabon lale da wasu gidaje, a nan Daudawa da kuma Ruwan Godiya. Wannan karon ba a bar wa kowa kwalba ba. A jakata suke, ni ke bi safe da yamma in shafa wa kowace nata da hannuna, Lawal na yi wa maza.

Wannan zagayen shi ne daɗin tafiyar duka, shi ne kuma dalilin ƙibar da kuke ta yi mani tsiya a kanta. Ba gidan da zan shiga in fito baki bushe. Nan fate, can ɗanwake, gaba a daka mani gyaɗa da mazarƙwaila. Ina murza gwiwar tsohuwa tana ba ni labarin aurenta na fari. Yara na hango ni sai su ruga suna cewa ga mai karkashi nan, don sunan da na sa wa maganin ya riga ya bi gari. A raina kuwa na gama yanke hukunci: shuɗin murfi shi ne na gaske. Ya fi sanyi a hannu, kuma wata tsohuwa da nake ƙauna, wadda nake shafa wa shi, kullum sai ta sa mani albarka.

Ranar da za mu tashi Lawal ya zauna ƙarƙashin wata ɗorawa ya haɗa awon duka, na Ƙanƙara da na nan. Ya ce masu jan murfi su suka fi samun sauƙi, kumburin ya ragu, da yawansu sun koma durƙusawa. Masu kore kaɗan. Masu shuɗi ma wasu sun ɗan ji dama, amma tef bai motsa ba.

Na ce, "To shuɗin wane itace ne?"

"Shi ne ba kome a ciki. Ja shi ne hano."

Kunya ta kama ni, na ce ai dama na sani, gwada shi nake. Ya ce shi ya sa bai gaya mani ba. Ya ƙara da cewa mutanen ba su da yawa, ba zai hau rediyo ya ce ya gano magani ba, sai an sake gwadawa a wasu wurare. Amma abin da ya gani ya isa ya kai wa Inna. Muka bi masu shuɗi da kore muka ba kowa jan murfi kamar yadda aka yi alkawari, na Ƙanƙara kuma aka ba wani direba ya kai wa malamin asibiti.

Daga Faskari zuwa Sabuwa Malam Iro ya ce ya san yanke ta daji. Kada Allah ya ƙara haɗa ni da yanken Malam Iro. Ciyawa ta fi motar tsawo, ga duwatsu, ga rafuka da ba su ƙafe ba. A wani rafi motar ta shiga ta zauna daram. Muka fito, na tattare zane na rungume akwatin kwalabe na ƙetare, taɓo har gwiwa, takalmina ɗaya na can har yau. Wasu manoma suka kwanto shanun huɗa suka ja mu. Ba su karɓi kome ba, sai ma suka saro mana rake. Malam Iro dai ya ce laifin ruwan kudu ne da ba ya san lokacin tsayawa.

Da la'asar muka shiga Sabuwa. Gwaggo na zaune da ƙanen Lawal, Sale, da matarsa Hanne. Tana ganina ta rungume ni da hannun hagu, tana ta tsokanata wai na zama buhu. Na dubi hannun daman. Ya fi yadda aka faɗa mana. Ta naɗe shi da tsumma ta ɗora bisa cinya kamar ba nata ba.

Sai ga Lawal ya yi sallama, ya tsuguna can bakin ƙofa, kansa a ƙasa. "Inna, mun same ku lafiya? Yaya hannun?"

Nan take fuskar Gwaggo ta rufe. Ta juya ta fuskanci bango, ta ce wa Hanne, "Ke, kori kajin can, suna shiga hatsi." Ba kaza ko ɗaya a tsakar gidan. Ya ƙara ɗan jim a tsugune, ya tashi ya koma zaure. Na sha ganin haka tun muna yara, da dariya ma yake ba ni. Ran nan kam tausayinsa ne ya kama ni, mutum da furfura ta fara fito masa a gemu.

Da na fito da kwalbar mai jan murfi na fara bayani, ko kallonta ba ta yi ba. "Ni ba ni shafa tarkacen yara. Ɗauke abinki." Na ce to a bari in auna hannun. Ta ce ita ba gona ba ce da za a auna ta.

Na bar maganar. Washegari na fito da atamfar da na zo mata da ita tsaraba, na ce riga zan yi mata mai dogon hannu irin ta hajiyoyin Birni, da keken maƙwabta. Nan fa ta saki fuska, don Gwaggo akwai son gayu. Na auna kafaɗa, na auna ƙirji, na gangaro a hankali har wuyan hannu, na riƙe abin da na gani a kaina. Kwalbar kuwa na tura ta bayan jeren kwanoninta, na yi kamar na manta.

Muka zauna kwanaki. Lawal na fita ƙauyuka da Sale yana duba masu kumburi, ni ina ɗinki a hankali da gangan, in ɗinka in farke. Ban taɓa ganin Gwaggo ta taɓa kwalbar ba. Na leƙa bayan kwanoni ban gan ta ba, ban sani ba ɓoyewa ta yi ko a masai ta jefa. Wata safiya na ji kamar ƙanshin hano a mayafinta, amma gidan ana turare da shi, ban iya rantsewa ba. In na tambaye ta hannu sai ta ce, "Shina nan inda Allah ya aje shi." Duk tafiyar nan ita kaɗai ce ba ta ce mani da sauƙi ba.

Ana gobe za mu tafi na ce a zo a gwada riga. Na ce hannun rigar ya yi mani kamar ya yi faɗi, bari in sake aunawa. Na zagaya tef. Ya ragu. Ba da yawa ba, amma ya ragu, na sake zagayawa don in tabbata. Na ruga zaure na gaya wa Lawal, ina tsammanin zai yi tsalle.

Ya girgiza kai. "Kin san jan murfi ne, kuma kina son ya yi aiki. Ga shi tun da kika zo kin hana ta taɓa kome, hutu kaɗai ma na rage kumburi. Wannan ba na iya sa shi a lissafi."

Na ce, "Kai dai Allah ya sawwaƙe maka, uwarka ce fa, ba ɓera ba."

Ya riƙa wasa da bakin tabarma. Can ya ce, "Rakiya, ba awon ne ya dame ni ba. Ni dai in san ta buɗe kwalbar."

Na koma ciki.

Da safe Malam Iro ya ɗaure kaya, yana ta ɗumama mota. Muna zaure sai ga Hanne da ƙwaryar fura, ta aje gaban Lawal. Ya buɗe faifan, ya sa ludayi. Furar duk gudaji ce, ba ta damu da kyau ba. Na buɗe baki zan yi wa Hanne tsiya, sai ta riga ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ba ni na dama ba. Inna ce. Na ce ta kawo in yi, ta ce in ba ta wuri. Rabonta da riƙe ludayi tun bara."

Lawal ya dubi ƙwaryar ya daɗe. Sannan ya fara sha, yana tauna gudajin ɗaya bayan ɗaya, bai ɗago kai ba. Bai miƙa wa kowa ba, shi da ba ya cin abu shi kaɗai. Sai da ya ga ƙasan ƙwarya.

Na shiga yi wa Gwaggo sallama. Tana zaune bakin gado cikin sabuwar rigarta. Ta ba ni saƙon gaisuwa ga Baba, da maigidana, da yara kowa da sunansa, har da maƙwabta. Na tsaya ina jira, ba ta ƙara ba. Na san Lawal na tsugune bayan ƙofa, ita ma ta sani.

Na ce, "Gwaggo, saura mutum ɗaya. In ce mashi mi?"

Ta juya ta fuskanci bango. Na ɗauka shi ke nan, har na kai hannu ga labule. Sai na ji ta ce, da ƙarfin da ya fi wanda ake buƙata don ni kaɗai in ji, "Ki ce ma baƙon nan naku kwalbar ta kusa ƙarewa."

Ta hanyar Dandume muka dawo, ba yanke. Mun yi nisa, Malam Iro ya kashe rediyo. Can Lawal ya waigo daga gaba, idanunsa jajur, ya ce, "Rakiya, mi ta ce?"

Na ce, "Kai da kake bayan ƙofa? Ai ka ji da kunnenka."

Ya ce, "Na ji. Sake faɗi."

Na sake faɗa masa. Kafin mu kai Funtuwa ya ƙara tambayata, na kuma faɗa masa, ban ko tsokane shi ba.